Ƙwayoyin da Yunwa Ta Kasa Kashewa

Duk shekara idan an turo ku koyon aiki, tun ranar farko nake gane abin da ke ranku. Kuna shigowa da sabuwar farar riga, ku kalli na'urorin nan masu fitilu da ƙara, ku ce ashe aikin ɗakin gwaji bai wuce a zuba jini, a danna maɓalli, a jira takarda ta fito ba. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa ko ɗan firamare zai iya. Amma tunda yau babu wuta, janareta kuma yana hannun mai gyara, ku jawo kujeru. Ni ce Rabi, wadda kuke kira Anti, na kuwa fara aikin nan tun ba a haifi yawancinku ba.

Aikina na farko wankin gilashi ne. A wani asibitin gwamnati aka ɗauke ni, zamanin soja, aka haɗa ni da wani tsoho, Malam Ilu. Wata da watanni bai bar ni na leƙa madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa ba. 'Yan gilasan nan da ake shafa jini a kai, a lokacin ba a yar da su. A jiƙa, a goge, a ɗauraye, a shanya. Sai ya ɗaga guda ɗaya ya kalli taga ta cikinsa, in ya ga ko alamar maiƙon yatsa, kwanon gaba ɗaya zai mayar mini.

"Maiƙo yana yin rami a shafin jini," in ji shi. "Ke kuma ki ga ramin ki ce cuta ce, ki tayar wa mutane da hankali a banza."

Da ya yarda da wankina sai ya koya mini shafi. Ɗigon jini a gefe guda, ka kawo wani gilashin ka karkata shi, ka bari jinin ya bi bakinsa, ka tura sau ɗaya tak ba tare da hannunka ya yi rawa ba. In ka iya, ƙarshen shafin zai fito siriri kamar harshe, a nan ƙwayoyin jini suke kwanciya ɗaya bayan ɗaya har ka ga fuskar kowacce. Sannan a shanya, a kafe shi da sipirit, ruwan nan mai warin giya, a zuba rini. Ko ruwan da za ka ɗauraye rinin da shi sai ka san halinsa, don ruwan famfo na damina da na rani ba launi ɗaya suke ba ka ba. Na'urarku ba ta san wannan ba, kuma ranar da ta rikice, madubi za ku koma wa.

Bayan an dawo mulkin farar hula, mutane da yawa da suka yi zamansu a waje suka fara komowa gida. Cikinsu har da Dokta Sa'idu, likitan cututtukan jini. Shi ya buɗe wurin nan, a tsohon gidan Turawan nan na Nasarawa mai dogon baranda, ya nemi wanda ya iya shafi, Malam Ilu ya ba shi sunana. Kullum da safe nake tasowa daga Hotoro. Masu zuwa mana iri-iri ne: Hajiyoyin unguwar da zazzaɓi ya kama, masu shirin aure da ke son sanin rukunin jininsu, maniyyata aikin hajji, sai kuma direbobi da masu gadi da masu dafa abinci na gidajen, waɗanda Dokta yake cewa a yi musu kyauta kawai.

Lokacin ne kuma aka ƙaddamar da Shari'a, kowa ya koma tambayar halaccin abin da da can ba ya tambaya. Wata rana wasu samari 'yan sa-kai suka tare direbanmu da jarkar sipirit, suka sunsuna, suka ɗauka giya ce, suka biyo shi har nan. Na ce su shigo. Na huda yatsana, na yi shafi a gabansu, na zuba sipirit ɗin, na rina, na ce su leƙa. Shugabansu ya daɗe bai ɗago ba.

"Yanzu duk wannan a cikin ɗigo ɗaya?" ya ce. Ya yi tasbihi, ya ba mu haƙuri. Kafin su tafi sai da biyu daga cikinsu suka miƙo yatsu a duba musu nasu.

Amma ba don gwajin zazzaɓi Dokta ya dawo ba. Wancan ɗakin na baya da yanzu kuke jibge kwalaye, shi ne zuciyar gidan. A ciki akwai inkubeta, wato akwatin da ke riƙe ɗumi daidai da na jikin mutum, da tukunyar gas a gefensa, da wani tebur mai rufin gilashi wanda ba ka sa hannu a ciki sai ka goge da sipirit har gwiwar hannu. A nan ake kiwon ƙwayoyin halittar jikin mutum a cikin kwalba. Abincinsu wani jan ruwa ne da ake sayowa daga waje, mu muna ce masa romo. In sun cinye amfaninsa sai ya koma ruwan ɗorawa, ka san lokacin canji ya yi. Kiwo ne sosai, babu Juma'a babu Sallah. Kuma numfashinka kaɗai in ya shiga kwalbar, gobe za ka tarar ta yi gurɓi, aikin wata guda ya tashi a banza.

Wata safiya da damina Malam Tanimu ya shigo riƙe da hannun 'yarsa. Shi ne mai kula da lambun gidan da ke maƙwabtaka da mu, mutumin wani ƙauye a Jigawa, kullum muna gaisawa ta saman shinge. Yarinyar sunanta Zulai, ba ta wuce shekara bakwai ba. Muƙamuƙinta na hagu ya kumbura har ya ture mata ido, haƙoran wajen duk suna girgiɗi. Ya ce a gida an ɗauka ciwon haƙori ne, an cire guda, kumburin ya ƙaru.

Dokta ya zuƙo ɗan ruwa daga kumburin da siririyar allura, ya miƙo mini. Na shafa, na rina, na leƙa. Ƙwayoyi ne shuɗɗa, manya, duk kamarsu ɗaya, sun cika fili maƙil, da yawansu suna tsakiyar rabuwa biyu. Na kira shi ya duba.

Ya zaunar da Malam Tanimu ya yi masa bayani. Ya ce sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, irin wadda ke kama yara a ƙasashen da sauro ya yi yawa. Akwai wani bairos, ƙwayar cuta ƙarama ƙwarai, da kusan kowa ke ɗauka tun yana yaro, ya shiga fararen ƙwayoyin jini ya kwanta, yawancin mutane har su mutu bai dame su ba. Amma in zazzaɓin cizon sauro ya yi ta jijjiga yaro shekara da shekaru, wani lokaci ƙwaya ɗaya daga cikin waɗanda bairos ɗin ke ciki takan kauce hanya, ta yi ta haihuwa ba tsayawa.

"Tana jin magani, ranka ya daɗe?"

"Tana ji sosai, in an fara da wuri kuma an kai ƙarshe."

Sannan ya roƙe shi izinin ajiye ragowar abin da ke cikin allurar don bincike. Malam Tanimu ya ce a yi duk abin da ya dace. Hankalinsa a lokacin yana kan fuskar 'yarsa, ba na jin ya fahimci abin da aka roƙa.

Aka kwantar da Zulai a babban asibiti aka fara mata ƙarin ruwan magani. Kumburin ya saɓe kamar an huda shi. Ranar da aka sallame ta ya kawo ta ta gaishe mu, tana cin gyaɗa da gefen bakin da a da ba ya rufuwa. Ni kuwa a ɗakin baya, ƙwayoyin da muka ɗiba sun karɓi kwalba. Suna yawo a cikin romo dunƙule-dunƙule kamar 'ya'yan inabi, in na raba su gida biyu, kafin a jima kowane gida ya sake cika.

Sai mummunar shekara ta zo. Jita-jita ta game gari cewa allurai da magungunan da ake kawowa daga waje akwai wata manufa a cikinsu. Mutanen da a da suke miƙo hannu suna hira, yanzu sai sun tambayi inda za a kai jinin. Wasu iyayen suka kwashe 'ya'yansu daga asibiti ba a gama magani ba. A kan haka ga wahalar mai, ga romon da muka yi oda ya maƙale a tashar jirgin ruwa, kullum a ce gobe. Na duba firji na ga abin da ya rage ba zai kai mu ko'ina ba. Na fara tsarma shi da ruwan gishirin asibiti, ina kuma jinkirta canji har kwalabe su koma ruwan ɗorawa sosai.

Muna da wasu kwalaben na fararen ƙwayoyin jinin masu lafiya, waɗanda muke ɗiba daga jikinmu don kwatance. Su dama ba sa daɗewa a kwalba, da yunwa ta zo kuwa sai suka ƙare nan da nan. Akwai wani shuɗin rini da muke gwada rai da shi: matacciyar ƙwaya tana shan sa ta yi shuɗi, mai rai kuwa ta ƙi, ta yi ta ƙyalli. Na ɗiga wa na Zulai ina jiran in ga fili ya yi shuɗi. Wasu sun mutu, amma da yawa suna nan suna ƙyalli. Sun dai ƙanƙance, sun rage haihuwa. Na sake gwadawa bayan kwana biyu, haka. Abin ya tsaya mini a rai. Ina tuƙa tuwo a gida ina tambayar kaina, to me suke ci?

Na tambayi Dokta. Ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce, "Kansu suke ci, Malama Rabi."

"Kamar yaya kansu?"

"Kin san masu narka tsofaffin gwangwanaye su ƙera tukunya? Kowace ƙwaya a jikinki tana da irin wannan maƙera a cikinta. In wani sashe nata ya tsufa ko ya lalace, sai ta naɗe shi a 'yar jaka, ta kai shi wani buhu mai tsami da ke cikinta, ya narke, ta ɗebi abin da ya fito ta sake gini da shi. Kullum ana yi kaɗan-kaɗan, shara ce da gyara. In yunwa ta zo sai a ƙara wuta, ƙwayar ta rayu da kayan cikin gidanta kafin abinci ya dawo."

"To ai alheri ne."

"Alheri ne, sai dai sankara ma ta iya shi. Kuma masu bincike suna zargin bairos ɗin nan yana da hannu a kan maƙerar, yana ƙara mata wuta ko ya rage yadda zai amfane shi, don in ƙwayar ta mutu shi ma gidansa ya rushe. Abin da nake son sani ke nan tun ina waje. Ga shi yunwa ta yi mana gwajin da ban shirya ba."

Na ce in haka ne, in aka toshe maƙerar fa? Ya ce akwai abin da ke kashe tsamin buhun nan, kuma yana cikin kabad ɗinmu: kulorokwin, maganin zazzaɓin nan mai ɗaci da ke sa wasu ƙaiƙayi. Muka raba ƙwayoyin gida-gida. Wasu da romo cikakke, wasu a yunwace, kowane kashi kuma rabi da maganin, rabi babu. Na auna shi da bututun gilashi, hannuna a cikin teburin nan har kafaɗata ta ƙage.

Abin da na gani ba zan manta ba. Ƙwayoyin da aka sa wa maganin sun cika da 'yan jakunkuna farare, sun kumbura, kamar gidan da aka daina kwashe wa shara. Masu ƙoshi sun jure kaɗan. Mayunwatan kuwa, da na ɗiga shuɗin rini, fili ya koma shuɗi kusan gaba ɗaya. Na miƙe tsaye na ce, "Dokta, ai mun samu magani, ga shi a kowane kemis!"

Ya ce in zauna. "Kwalba ba yaro ba ce. Abin da ya kashe su a nan, in kika ba yaro daidai wannan ƙarfin, ba ki san me zai yi wa zuciyarsa da idonsa ba. Kuma wannan cin kai da kike son toshewa, wani lokaci da shi jiki yake kama guntun bairos ya nuna wa sojojinsa su gane abokin gaba. Kada wannan magana ta fita daga ɗakin nan a matsayin magani. A shekarar da muke ciki, kalma ɗaya ta isa." Ku ma ku riƙe wannan. Abin da ido ya gani a madubi daban, abin da baki zai faɗa wa mai jinya daban.

Duk wannan lokacin Zulai tana ƙauye. Ciwon ya dawo mata, wannan karon a ciki. Kakarta, da ta ji abin da ake faɗa a kan allura, ta ce ba za a mayar da ita birni ba. Kafin Malam Tanimu ya shawo kan mutanen gida, cikin ya yi girma, maganin bai riƙe ba. Ta rasu bayan girbi. Muka je muka yi masa gaisuwa a ɗakinsa na bayan gidan maigidansa.

Bayan an yi sadakar arba'in ya shigo, ba shi kaɗai ba, tare da limamin ƙaramin masallacin layinmu inda direbobi da masu gadi ke salla. Ashe a hira maigadinmu ya ce masa akwai wani abu na 'yarsa da ke raye a cikin kwalba. Ya ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, ni na sa ta a kabari da hannuna. Yanzu an ce mini da saura. Ina so in sani, 'yata an binne ta duka ko ba a binne ta duka ba?"

Dokta bai yi gardama ba. Ya ce gaskiya ne, daga jikinta aka ɗebo su, kuma ranar da ya nemi izini bai tsaya ya tabbatar an fahimce shi ba. Ya ce aikinsa gaba ɗaya a kansu ya dogara, amma in Malam Tanimu ya ce a ba shi, yau za a ba shi. Na san abin da wannan magana take nufi, don babu wasu irinsu a hannunmu.

Liman ya ce shi sai ya gani kafin ya yi magana. Na ɗebo ɗigo na sa a madubi. Ya cire tabarau ya leƙa, ya yi ta tambaya: suna da numfashi? Suna da hankali? In an bar su za su zama mutum? Na ce a'a, ba za su taɓa zama komai ba sai irin kansu. Sannan ya ce, "Malam Tanimu, ban ci karo da wannan a karatuna ba, ba kuwa zan ƙirƙira maka ba. Abin da na sani, jinin da aka cire da ƙaho ana binne shi don girmama ɗan Adam, amma ba a yi masa salla, ba a kuma ce mai shi ya ragu ba. 'Yarka tana inda ka sa ta. Neman magani kuma addini bai hana ba. Sauran maganar taka ce, kai ne uba."

Malam Tanimu ya matso. Bai taɓa leƙa madubi ba, sai da na nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya. Ya daɗe a sunkuye.

"Hajiya, suna jin zafi?"

"Ba sa ji, Malam."

"An ce kuna hana su abinci."

Da na so, da na ce masa ƙarancin romo ne kawai, wanda da farko gaskiya ne. Amma a lokacin romo ya iso, da gangan muke yi. Na ce masa haka ne, muna hana su, don mu ga yadda suke tsira, mu kuma nemi inda za a tare su. Na gaya masa maganar cin kai da maganar bairos, da Hausar da zan iya.

Ya ɗago. "Wato waɗannan su ne suka kumbura mata fuska?"

"Su ne."

"Su ne kuma suka koma cikinta?"

"'Yan'uwansu ne, iri ɗaya."

Ya sake leƙawa, wannan karon fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ni na zo ne ina zaton ita ce kuka tsare. Ashe abin da ya cinye ta ne kuka kama." Ya juya wajen Dokta. "Ku riƙe su. Ku hana su abincin, ku yi musu duk abin da za ku yi har su faɗi yadda ake kashe su. Abu ɗaya na roƙa. Ko me suka zama, daga jikinta suka fito. Ranar da kuka gama, kada a zuba su a kwata. A kira ni."

Mun yi shekaru muna aiki da su. Abin da muka gano ba shi da yawa, Dokta ya haɗa da na abokan aikinsa na waje, da sanin Malam Tanimu aka daskarar da wasu ƙwayoyin aka aika musu. Har yau ba a gama warware zancen ba. Na ji ma an ce in bairos ɗin ya farka zai fita daga ƙwaya, yakan hana jakunkunan nan isa buhun tsami, ya sace fatarsu ya yi riga da ita. Yaushe cin kai yake taimakon jiki, yaushe yake taimakon ciwo, wannan tambayar ina nan da ita, kuma in wani cikinku ya ci gaba da karatu ya samo amsa, ya zo har Hotoro ya gaya mini.

Da idon Dokta ya raunana, ya yanke shawarar rufe ɗakin baya. Na aika aka kira Malam Tanimu. Ya tsufa, ya bar aikin lambu, ya koma gida noma, amma washegari da hantsi sai ga shi da fartanyarsa a kafaɗa. Na zuba wa kwalaben bilic, ruwan kashe ƙwayoyi, yadda ƙa'ida ta ce, na jira, na juye su a mazubi ɗaya na miƙa masa. Ya zaɓi wuri can ƙarshen gidan nan, kusa da katanga, inda ba a bi. Ya haƙa rami mai zurfi, ya ƙi yarda maigadi ya taya shi.

Kafin ya zuba ya dube ni. "Sun faɗa?"

"Sun faɗi kaɗan, Malam. Da saura."

Ya gyaɗa kai, ya yi bismilla, ya zuba, ya mayar da ƙasa ya daddanna da tafin hannu. Ya yi addu'a muka shafa. Har ya saɓa fartanya zai tafi, sai ya tsaya, ya waiga, ya je famfo ya ciko bokiti ya zo ya yayyafa wa wurin ruwa a hankali. Ya ce hannunsa bai saba rufe ƙasa ya bar ta a bushe ba.